Susanna da Tsuntsayen Jan-baki

Ranar da aka haifi Susanna, ungozoma ta fito daga ɗaki tana sosa kunne, ta ce wa matan da ke tsakar gida, "An samu mace. Amma wannan ba kuka take yi ba, shela ce." Ba wanda ya buƙaci a gaya masa. Masu noma a gonakin hayin rafi ma sai da suka ɗago kai.

Gidan Shago ake kiran gidan, wani babban gidan manoma a ƙasar Kunci, mai sassa da yawa da rumbuna a jere. Shago, uban jaririyar, makaɗin gayya ne, shi ke bin manoma kunya-kunya da gangarsa yana zuga su. Har ya tsufa bai bar addinin kakanninsa ba, ko da yake rabin dangi sun shiga coci, maƙwabta kuma Musulmi ne. Da ya ji kukan 'yar tasa sai ya yi dariya, ya ce ganga ce ta haifi ganga. Lami aka raɗa mata, sunan Susanna daga baya ya zo.

Tun tana ƙarama ba a aikenta gona kiran mutane cin tuwo, sai dai a ce ta fita ƙofar gida ta kira. Illar kawai ita ce in ta kira Tanko, duk wani mai suna Tanko a karkarar sai ya ajiye fartanya ya taho da yunwarsa. Da ta isa aure samari suka yi ta zuwa, kowa ya yi zuwa ɗaya ya ɗauke ƙafa, don duk amsar da ta ba saurayi gari ya ji. Ana haka Buwai ya dawo daga Kano, inda ya yi shekaru yana aikin injin niƙa. Abin da ya dawo da shi keke ne da kunne mai nauyi. Ya zo zance, ta yi masa magana, ya karkato kai ya ce, "Me kika ce?" Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya a duniya. Ran nan ta san ta samu miji.

Buwai Kirista ne, ta bi shi coci, aka yi mata baftisma ta zama Susanna. Cocin ɗaki ɗaya ne na jar ƙasa da rufin kwano. Mai bishara Sama'ilu ke kula da shi, wani siririn dattijo mai haƙuri, tabaraunsa ɗaure da zare. A nan ta tarar da zumuntar mata suna waƙa da tulu da caki da kuge, ta ji abin ya shiga ranta kamar ruwan randa. Lahadin farko da ta ɗaga waƙa, kwano ya amsa, tsatsa da kashin ƙadangare suka zubo a kan dattawa. Aka mai da ita bencin baya. Daga nan aka ce ta tsaya a bakin ƙofa. A ƙarshe aka ajiye mata kujera a gindin ɗorawar da ke bayan cocin.

"Ba wulaƙanci ba ne, Susanna," in ji mai bishara. "Daga can muryarki ta fi isowa daidai."

"Baba, daga can ba na ganin bakin kowa. Ta yaya zan san an gama?"

"Za a ɗaga miki ɗankwali ta taga."

Haka aka yi shekaru. Abin yana mata ciwo, amma ba ta rage murya ba, ta ce wanda ya ba ta bai ce ta rage ba. Ba ta iya karatu ba, waƙoƙinta duk a bakin turmi take haɗa su, taɓarya na ba ta kiɗa. Burinta ɗaya ne, wata rana a ji ta a kaset kamar mawaƙan bisharar da ake kawo waƙoƙinsu daga birni, wani ya ji ya ce ta taɓa masa zuciya.

Sai shekarun wuya suka shigo, lokacin da a birni ake bin layin sabulu da madara, a ƙauye kuwa ko layin babu. Daminar farko ruwa ya ɗauke gero yana gwiwa. Aka ci tafasa, aka ci dusa, aka ci garin rogo har ya ƙare. A cikin bazara sai ƙyanda ta shigo ta ɗauki yara, har da Saratu, autar Susanna. Aka binne ta ranar Juma'a. Ran Lahadi Susanna tana gindin ɗorawa da sabuwar waƙa.

Damina ta biyu ruwa ya ɗan yi adalci. Gero ya fitar da kai ya fara ido, mutane suka soma gaisawa da fara'a. Wata safiya aka ga wani baƙin hadari ya taso daga gabas, babu iska babu tsawa. Tsuntsayen jan-baki ne, 'yan mitsi-mitsi, kowanne bai cika tafin hannu ba, amma in suka sauka a gona karan gero har kwanciya yake. Aka fito da gwangwanaye da majajjawa da tsofaffin kwanuka. A kora su nan su sauka can, kamar ana yi musu kiɗan rawa.

Susanna ta je gayaunarta, 'yar gonar da take noma wa kanta, ta tarar tsuntsaye sun rufe ta ruf. Ba ta ɗauki dutse ba. Sai ta durƙusa a kan kunya, ta buɗe baki:

"Ya Yesu, ga ni a gonata,
Kai ka ga shuka, kai ka ga noma,
Kada ka kau da kai yanzu."

Kafin ta kai ƙarshen baitin, gonar gaba ɗaya ta tashi sama. Tsuntsayen suka yi wata irin juyawa, suka nufi arewa, ba su sake sauka ba har suka ɓace wa ido. Ita ba ta ma gani ba, idonta a rufe yake, sai da ta kai waƙar ƙarshe.

Wanda ya gani shi ne Malam Ja'afaru, malamin da ke karantarwa a unguwar Musulmi, gonarsa tana iyaka da tata. Yana tsaye da gwangwani a hannu, ya ga tasa gonar ma ta washe. Da la'asar ya yi sallama a zauren Buwai. Aka gaisa da ƙarfi saboda kunnen maigida, aka tambayi iyali, sannan ya gyara zama.

"Buwai, wata alfarma nake nema. A bar uwargida ta riƙa tsayawa a kan iyakarmu safe da yamma."

Susanna tana jin su daga bayan zana. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ka san fa waƙar da nake yi. Ba ni da wata."

"Na sani, 'yar Shago. Ni ban ce ki yi waƙa a gonata ba. A gonarki za ki tsaya. Inda iska ta kai murya kuwa, wannan ikon Allah ne."

Kafin kasuwa ta zagayo, kowa ya gano yana da iyaka da Susanna. Masu gona a nesa suka zo suna ba ta kyautar kunya ɗaya a tsakiyar gonakinsu, don ta samu nata wurin tsayawa. Mai bishara Sama'ilu ya yi wa'azi a kan cewa waƙar Ubangiji ba gwangwani ba ce. Ran Talata tsuntsaye suka sauka a gonar coci, ya zo da kansa ya ce ya sake duba maganar, tsuntsu ma halitta ne, yana da haƙƙin ya ji.

Buwai ya ɗaura wa kekensa matashi a baya. Hantsi da la'asar yana tuƙa ta daga wannan gona zuwa waccan, ta sauka ta gyara ɗaurin zane ta fara. Sharaɗinta ɗaya: in ta ɗauki waƙa sai ta kai ta ƙarshe, mai gona kuma ya tsaya ya saurara. Suna tsayawa kuwa, hannu a baya, suna gyaɗa kai. Ta yi murna ƙwarai, ga shi Allah ya ba ta masu sauraro, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba. Sai wata rana ta gama waƙa ta tambayi wani mai gona wane baiti ya fi so. Mutumin ya ci gaba da gyaɗa kai yana murmushi. Ta matsa kusa, ta ga auduga cushe a kunnensa. A hanyar gida ba ta ce uffan ba, har Buwai ya tsaya ya duba ko ta faɗo.

An yi girbi a shekarar, ba mai yawa ba, amma rumbuna sun ga dami. Labari ya kai Dawanau, babbar kasuwar hatsi, inda wani mai suna Basiru yake da tebur na sayar da kaset da batir. Ya hau babur ya zo da rakodarsa.

"Hajiya, kaset za mu yi miki," ya ce.

"Ni ba Hajiya ba ce."

"In kaset ya fita za ki zama."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka don daɗi, ta fito sanye da zanen zumunta. Da aka fara ɗauka allurar rakodar ta buga gefe ta maƙale. Basiru ya ja baya da ita zuwa ƙofar gida, ya sake ja zuwa bakin rijiya, a ƙarshe ya ajiye ta a bayan rumbu ya kifa mata ƙwarya. A nan murya ta zauna. Ta yi masa waƙoƙinta mafi soyuwa, har da wadda ta yi wa Saratu. Ya ce mata ta bar sauran a hannunsa.

Da damina ta kusa, ta sa Buwai ya raka ta Dawanau ta ga kaset ɗinta. Suka ratsa buhunan gero da wake, suna tambaya. Ba a jerin waƙoƙi suka same shi ba. Yana gefe guda tare da maganin ɓera da hodar ƙwari. A jikin kwalin an zana tsuntsu kwance ƙafafu a sama. Buwai, da ya ɗan iya haɗa baƙi, ya karanta mata: Susanna Maganin Jan-baki, safe da yamma.

"Basiru, me ka yi wa waƙar Ubangiji?"

"Ban taɓa ko baiti ɗaya ba, wallahi. Duk yana ciki."

"Tsakanin maganin ɓera ka ajiye ni?"

"Inna, a wannan zamanin wa zai sayi waƙa? Mutum yana auna garin rogo da gwangwanin madara. Amma magani kowa zai saya. Kaset ɗin coci nawa kika sani da ya shiga gidan liman?"

A hanyar komawa ta yi ta juya maganar, wani lokaci ta ji kamar ta koma ta kife masa tebur, wani lokaci ta ji kamar da ƙamshin gaskiya a ciki.

Da gero ya sake yin ido, ba gonar da ba a rataye rediyo mai kaset a jikin sanda ba. Batir ya yi tsada, sai a shanya tsofaffi a rana a mayar. In ƙarfinsu ya fara ƙarewa muryar Susanna ta yi ƙasa tana jan jiki, kamar bijimi yana roƙon gafara. Duk inda ta bi, ta ji kanta daga gabas da yamma, kowace a nata baitin. Ba mai zuwa ɗaukarta kuma. Buwai ya kwance matashin daga keke.

Tsuntsayen suka dawo. Kwanakin farko sun guje wa rediyoyin. Amma jan-baki ba wawa ba ne. Sannu a hankali suka fahimci ba wanda zai ɓata batir a kan gonar da ba ta yi ba, duk inda muryar nan take a nan geron kirki yake. Suka daina wahalar nema. Da an kunna kaset sai su taso daga dawa kai tsaye, wasu har su jeru a kan rediyon. Wanda ba shi da halin sayen batir, gonarsa ta tsira. Mutane suka cire rediyoyi a guje, wani ma don haushi ya tura nasa cikin rijiya.

Ran Lahadi Susanna ta zauna a gindin ɗorawa ta ɗaga waƙa kamar kullum. Kafin baiti na biyu rana ta dushe. Tsuntsaye suka cika ɗorawar har reshe ya karye, suka rufe kwanon coci, ƙarar farcensu ta hana jin wa'azi. Aka yi ta kaɗa mata ɗankwali ta taga, ita kuwa idonta a rufe.

Da yamma tawaga ta zo zauren Buwai: mai unguwa, da Malam Ja'afaru, da mai bishara Sama'ilu. Suka yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe mai unguwa ya fito da ita. Ana roƙon Susanna ta yi shiru har a gama girbi. Ba waƙa, ba kiran yara, gaisuwa ma da hannu.

"Har a coci, Baba?" ta tambayi mai bishara.

Ya cire tabarau yana gogewa. "Ubangiji yana jin na zuci."

Tana shirin amsawa sai ga tsoho Shago ya shigo yana dogara sanda. Ya ji labarin zuwansu. Ba wanda ya gayyace shi, ya nemi wuri ya zauna.

"Ku masu littattafai," ya ce, "in ta yi shiru tsuntsun azumi zai yi? Gonakinku zai koma. Bara kun samu mai kora, bana kun samu mai kira, kuma kuna kuka. Ku kai ta fako, can inda ko ciyawa ba ta fitowa, ta yi waƙarta. Masuntan da ruwa ya janye musu, komayensu suna rataye ba aiki. Ku aro."

"Mu yi me da tsuntsu, Baba Shago?" in ji mai unguwa.

"Abin da ya ci geronka ai geronka ne, fiffike kawai ya yi."

Washegari da hantsi aka kafa komaye a kan sanduna a fako, aka haɗa da gidajen sauro da tsofaffin zannuwa. Aka kifa turmi a tsakiya, Susanna ta hau. Ta dubi ko'ina, ba gero, ba mai gona, maza duk sun laɓe a bayan geza riƙe da igiya. Ta ce a ranta, to, ko ba komai waɗannan su da ƙafarsu suke zuwa. Ta ɗaga waƙa. Suka zo kuwa, sama ta yi baƙi, aka saki igiyoyi. Kamun farko sai da aka cika buhuna.

A nan wata matsalar ta taso. Malam Ja'afaru ya ce tsuntsu halal ne, amma ƙanƙantarsa ba ta ɗauke masa yanka ba, kowanne sai an ambaci sunan Allah a kansa. Aka jera maza a inuwar geza da reza da ƙananan wuƙaƙe, bismilla na tashi kamar ana karatun safe, can kan turmi kuma waƙar Yesu tana tashi. Mahauta, da suka saba da sa guda a rana, suka koma gida da dashewar murya da ciwon yatsa. Mata suka zauna fiɗa da figa. Ba man soyawa, sai a gasa da gishiri da barkono. Yara da ƙafafunsu suka zama kamar sillen kara suka fara yin kumatu. Basiru ya dawo a babur, wannan karon da buhu, ya ce shi dama tun farko ya san waƙar nan za ta ciyar da mutane.

Haka Susanna ta yi ta hawa turmi safe da yamma har gero ya bushe aka yanke. Tana jin maƙogwaronta yana zafi, ba ta gaya wa kowa ba. Ana saura kaɗan a gama ɗaurin dami, ta kai tsakiyar wani baiti, murya ta tsinke kamar igiyar guga. Ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito.

Hankalin karkara ya tashi, don kowa yana tunanin baɗi. Matan zumunta suka zo da zuma da citta, suka yi addu'a suna dafa mata wuya. Malam Ja'afaru ya aiko da rubutu a kwanon sha. Shago ya kawo wani ƙulli, ya ce fatar tsohuwar gangarsa ce ya ƙona ya daka. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya leƙa bakinta da tocila, ya ce ta yi shiru kawai. Ta sha na kowa, don ba ta da muryar da za ta ƙi. Da rani ya raba, magana ta dawo, amma wata 'yar siririya mai gurgura, wadda sai mutum ya matso zai ji. Buwai ya daina jin ta gaba ɗaya. Suka koma magana da hannu, ya ce shi bai taɓa sanin aurensu zai kai ga haka ba.

Ta daɗe ba ta je coci ba. Tana ganin an karɓe kyautar, ba a ma gaya mata laifinta ba. Tsuntsayen ba su dawo da yawa ba a shekarar da ta biyo, ruwa ya wadata, mutane suka manta da fako. Wata Lahadi mai bishara ya aiko a ce mata an shigo da kujerarta ciki. Ta je, ta zauna a cikin mata, tana jin kanta kamar baƙuwa. Da aka zo waƙa shugabar zumunta ta taɓa ta. Ta tashi, ta yi waƙar Saratu a hankali. A cikinta ta faɗi yadda ta goya yarinyar jiki na ƙuna, da yadda ta yi ta neman kunun da za ta ba ta, ta roƙi Yesu in ta iso wurinsa ya fara ba ta abinci kafin ya tambaye ta sunanta.

Mai tulu ta daina bugawa. Matan da suka binne nasu a waccan bazarar ta ƙyanda suka rufe fuska da gyale. Da ta zauna, mai bishara Sama'ilu ya juyo ya dube ta.

"Susanna, yaushe kika yi wannan waƙar?"

"Baba, ai ita nake yi muku daga gindin ɗorawa tun shekarar ƙyanda. Ita na yi wa tsuntsaye. Tana cikin kaset."

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe da magana a ciki."

Daga nan aka fara zuwa koyon waƙa wurinta. Matan zumunta daga ƙauyukan kewaye, har daga wajen Rimin Gado, sukan zo su zauna a tsakar gidanta, kai a haɗe, tana faɗa suna maimaitawa. Aka riƙa gayyatarta taron mata na shekara-shekara, a riƙe mata lasifika a baki. Ta yi kaset na biyu da na uku a wurin wasu mutanen coci a birni, aka sa hotonta a jiki, ita ce da kanta a tsaye. Ba ta yi arziki ba, amma ta yi wa ɗakinta rufin kwano. Duk wanda ya yabi muryarta takan ce masa, "Ai ba ka ji ta lokacin tana nan ba."

Bayan shekaru, ta tsufa, Buwai ya rasu, wata rana ta shiga motar haya daga Dawanau za ta gida. Kusa da ita wata matashiya ce mai goyo, da buhun masara a ƙarƙashin ƙafa, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa:

"Mai rumbu a sama, Yesu,
Gara ba ta ci, ɓera bai sani ba,
Ni 'yar aikinka ce, auna mini,
Ko buhu goma ne zan iya ɗauka."

Susanna ta taɓa mata gwiwa. "'Yata, ba haka ƙarshen yake ba. Cewa ake, ko tafin hannu ne ya ishe ni."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Inna, wa zai je gaban mai rumbu ya roƙi tafin hannu? Haka muke yin ta a cocinmu tun ina yarinya."

"Ni na yi waƙar."

"Haba Inna. Waƙar Susanna ce fa. Ita wannan, in ta yi waƙa a Kunci ana ji a Kano. Ke ko ni da ke kusa da ke da ƙyar nake jin ki."

Wani fasinja a gaba ya juyo ya ce gaskiya ne, kuma shi ya ji an ce ta daɗe da rasuwa, tsuntsaye ne ma suka yi mata rakiya. Direba ya ce a'a, shi ya taɓa ɗaukarta, ƙatuwa ce, kujera biyu ta biya. Susanna ta so ta yi musu, tari ya sarƙe ta. Mai goyon ta ba ta ruwa a gora, ta shafa mata baya.

"Kada ki damu, Inna, tsufa ne. Bari in koya miki daidai."

Ta koya mata kuwa, baiti-baiti, har da wasu biyu da Susanna ba ta taɓa ji ba. Ɗaya a ciki ya yi mata daɗi, ta sa aka maimaita mata har ta riƙe. Da suka iso mararrabar da za ta sauka, matar ta taya ta sauke ƙunshinta, ta ce ta gaida mutanen gida.